AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Tarihin Kek Ɗin Cuku Da Yadda Ake Rage Masa Maiƙo Da Zaƙi

 Kamar yadda muka saba, abin da muka karanta muku a rediyo shi ne muke bugawa a nan, domin wanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana shi zama kusa da akwatinsa ya samu ya karanta, ko kuwa a karanta masa.

Wasiƙarmu ta wannan mako ta fito ne daga wata amarya, wadda ta roƙe mu mu sakaya sunanta. Ta ce watanta uku ke nan da tarewa, maigidanta ɗan kasuwa ne mai sayen hatsi, ita kuwa in ban da tuwo da miya da dafa-duka ba ta taɓa gasa ko da kek ɗin gwangwani ba. Ran nan ta je biki birni, aka ba ta wani irin kek fari mai laushi, kamar kindirmon da ya daskare, aka ce mata sunansa cizkek. To, ga shi dangin maigidanta za su zo ganin ɗaki, tana so ta fita kunyarsu da shi. Sai dai an gaya mata abin maiƙo ne da sukari zalla, surukinta kuwa yana fama da ciwon sukari, likita ya ce ya rage zaƙi da maiƙo. Saboda haka take tambaya: wai shin daga ina wannan kek ya samo asali, kuma ko wadda ba ta iya gashi ba za ta iya yin wanda ba zai cuci dattijo ba, baƙi kuma su ci su yaba?

To, Malama, mun gode da wannan wasiƙa taki. Amsar tambayarki ta biyu tana cikin amsar ta farko, saboda haka ki gyara zama mu fara da tarihin.

ASALINSA A ƘASAR GIRKA DA RUM

Ma'anar sunan dai ita ce kek ɗin cuku, watau kek ɗin da aka yi da daskararren nono. Duk inda ake kiwo, akan yi fama da matsala guda, ita ce madara ba ta jiran kowa. In ta yi yawa, ko dai a sha ta yau, ko a daskarar da ita a tsiyaye ruwan, ko kuwa a yi asararta. Mutanen Girka na zamanin da makiyayan awaki da tumaki ne, kuma sukan haɗa ɗanyen cukunsu da zuma da garin alkama su gasa. Wani marubuci mai suna Atiniyos, wanda aka haifa a garin Naukiratis na ƙasar Masar, ya rubuta wani babban littafi wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa (AS), inda ya lissafa ire-iren wainar Girkawa masu yawa, har ya ambaci mutanen da suka wallafa littattafai a kan sana'ar yin su.

Amma wanda ya bar mana awo filla-filla, wani Barume ne mai suna Kato, wanda ya rayu daga shekara ta 234 zuwa ta 149 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Kai manomi, wannan naka ne, domin Kato soja ne kuma ɗan majalisa, amma noma shi ne abin alfaharinsa. Wajen shekara ta 160 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) ya rubuta littafi a kan yadda ake tafiyar da gandu, tun daga sayen gona, da dashen zaitun, da jinyar shanun huɗa, har zuwa abincin 'yan aiki. A tsakiyar wannan littafin noma ne ya saka yadda ake yin kek ɗin cuku iri-iri.

Na farko shi ne wanda suke kira libum. Akan daka cuku laba 2 a turmi har ya yi laushi, a zuba garin alkama laba 1, a fasa ƙwai ɗaya, a cuɗa, a ɗora a kan ganye, a kifa masa kasko a murhu mai ɗumi ya gasu a hankali. Wannan babu zuma a cikinsa sam, kuma shi Rumawa kan miƙa wa gumakansu na gida. Na biyu shi ne sabillum, wanda ya fi kama da abin da kika ci a gidan biki. Awonsa shi ne cuku laba 2 da rabi, gari rabin laba, zuma rubu'in laba, ƙwai ɗaya. A shafa wa kwanon ƙasa mai, a zuba, a kifa kasko. Kato ya ja kunnen mai gashi da ya tabbata tsakiyar ta nuna, domin nan ne wuri mafi zurfi. In ya gasu a shafa masa zuma a sama, a kawo shi cikin kwanonsa, a ci da cokali.

Ki riƙe wannan lissafi, Malama, za mu dawo kansa. Labar Rumawa wajen giram 327 ce. Ke nan cukun ya kai giram 820, zumar da ke cikinsa kuwa giram 80 da 'yan kai. Watau in an kasa cuku kashi goma, zaƙin da aka zuba bai wuce nauyin kashi ɗaya ba.

YADDA YA BAZU A TURAI

Bayan rushewar daular Rum, al'adar ta ci gaba a ƙasashen Turai, kowa da irin cukunsa. A Ingila, wajen shekarar 1390, manyan kukun Sarki Richard na Biyu sun tattara girke-girkensu a wani littafi mai suna Forme of Cury. A ciki akwai wani kek da ake kira sambocade, wanda akan matse daskararren nono, a haɗa da sukari da farin ƙwai da furen wata bishiya da ruwan wardi, a zuba cikin ɓawon fulawa a gasa. A wancan zamani sukari kayan fada ne, talaka ba ya ganinsa, daga ƙasashen Larabawa da tsibiran Bahar Rum fatake ke kawo shi da tsada.

Abin da ya karya farashin sukari labari ne mai ɗaci wanda ya shafi nahiyarmu. Daga ƙarni na 16 zuwa na 18, Turawa suka buɗe manyan gonakin rake a Barazil da tsibiran Karebiyan, suka riƙa kwashe bayi daga Afirka suna noma musu. Sukari ya yi arha, ya shiga gidan kowa, sannu a hankali zaƙin kek ya riƙa ƙaruwa. Har ta kai a Ingila, a littafin girkin da wata mata mai suna Hannah Glasse ta buga a 1747, akwai abubuwan da ake kira kek ɗin cuku alhali babu ko ɗigon cuku a ciki, sai man shanu da sukari da ƙwai da lemun tsami.

Sauran ƙasashe kuwa sun tsaya a kan ɗanyen cukunsu. Jamusawa suna yin nasu da wani daskararren nono mai ɗan tsami da suke kira kwak, wanda wani irinsa maiƙonsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, domin an riga an yaɗe man. Mutanen Folan suna da irin nasu, suna kiran kek ɗin sernik. Mutanen Italiya kuma suna amfani da rikota, wanda ake samu daga ruwan da ya rage bayan an cire cuku, a sake dafa shi. Duk waɗannan, in kin lura, abincin masu tattali ne waɗanda ba sa son komai na madara ya tafi a banza.

INDA MAIƘON YA SHIGO

Kek ɗin da kika ci, mai nauyi da santsi, ɗan Amurka ne. A shekarar 1872, wani mai sana'ar madara mai suna William Lawrence, a garin Chester na jihar Niyok, ya fara yin wani cuku mai laushi irin na Faransa a masana'antarsa. Daga baya ya riƙa ƙara masa kirim, watau maiƙon nan da ke tasowa a saman madara, har ya sami wani cuku mai kauri da santsi da ake kira cukun kirim. A 1880 wani dillali mai suna Alvah Reynolds ya fara sayar da shi da sunan Philadelphia. Kai ɗan kasuwa, ga abin lura: ba a birnin Filadelfiya aka yi shi ba, sunan kawai aka aro, domin a lokacin birnin ya yi suna wajen kayan madara masu kyau. Kamfanin Phenix ya sayi sunan a 1903, sa'an nan ya haɗe da kamfanin Kraft a 1928.

A daidai wannan zamani birnin Niyok ya cika da baƙi daga Jamus da gabashin Turai, cikinsu har da Yahudawa masu yawa, waɗanda suka zo da al'adar kek ɗin cuku daga gida. Da suka buɗe gidajen abinci, sai suka ga cukun kirim na masana'anta ya fi musu sauƙi, domin kullum iri ɗaya ne, ba kamar na gida ba da yau ya yi ruwa gobe ya yi tsami. Wani mai gidan abinci, Arnold Reuben, ya yi iƙirarin cewa shi ne ya fara wannan canji. Gidan abincin Lindy's da aka buɗe a 1921, da na Junior's da aka buɗe a unguwar Buruklin a 1950, su ne suka ƙara fito da sunan kek ɗin Niyok a duniya.

Ko ɓawon biskit ɗin da ake shimfiɗa masa a ƙasa yana da labari mai ban dariya. Biskit ɗin ya ci sunan wani mai wa'azin Kirista, Sylvester Graham, wanda ya rasu a 1851, bayan ya ƙare rayuwarsa yana kiran mutane su ci burodin alkama da dusarsa, su guji kayan kwaɗayi. Bayan mutuwarsa kamfanoni suka zuba wa biskit ɗin zaƙi, masu girki kuma suka riƙa daka shi da man shanu da sukari suna shimfiɗa wa kek.

To, yanzu mu dawo kan lissafi. A dokar Amurka, ba a kiran cuku da sunan cukun kirim sai maiƙonsa ya kai aƙalla kashi 33 cikin 100. Awon da aka yi ta bugawa da sunan kek ɗin Lindy's yana cin cukun kirim sama da kilo ɗaya, wajen giram 1,130, da sukari wajen giram 350, da ƙwai 5 da ƙarin gwaiduwa 2, da kirim. Kin ga zaƙin ya tashi daga kashi ɗaya cikin goma na zamanin Kato, ya koma kusan kashi ɗaya cikin uku. In aka yanka wannan kek gida 12, kowane yanki yana ɗauke da maiƙo wajen giram 31 daga cukun kaɗai, da sukari wajen giram 29, watau cokalin shayi 7.

Don ki gane nauyin wannan, a shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke ci a yini. Ga baligi wannan ya kama wajen giram 50, watau cokalin shayi 12, kuma hukumar ta ce in an rage zuwa rabin haka ya fi. Ke nan yanki ɗaya tak ya cinye fiye da rabin kason yini. Wanda ya gaya miki abin maiƙo ne da sukari, bai yi ƙarya ba, in dai na Niyok yake nufi.

Su ma Amurkawa sun farga. A 1977 wani kwamitin majalisar dattawansu ya fitar da rahoto yana kiran jama'a su rage kitse da sukari da gishiri, kuma a shekarun 1980 da 1990 kantuna suka cika da kayan da aka rubuta musu “babu maiƙo”. Darasin da aka koya shi ne, in aka cire maiƙon duka, abin yakan yi tauri kamar roba, ɗanɗanonsa ya tafi, sai kamfani ya cike gurbin da sukari da sitaci. Ragewa ita ce dabara, kuma hanyar ragewa mafi sauƙi ita ce komawa ga ɗanyen cukun da aka fara da shi.

WASU ƘASASHE DA DABARUNSU

Kafin mu shiga madafa, ga wasu wurare uku da za su kwantar miki da hankali. A jihar Odisha ta ƙasar Indiya akwai wani kek da ake kira chhena poda, ma'anarsa gasasshen cuku. Madara suke tsinkawa da tsami, su matse, su haɗa da sukari da ɗan tsakin alkama, su naɗe a ganye su gasa a kan garwashi, babu lantarki babu injin buga ƙwai. A Japan kuwa sukan buga farin ƙwai ya yi kumfa su haɗa, sai kek ɗin ya tashi ya yi sakayau, cuku kaɗan ya ishi mutane da yawa. A birnin San Sebastiyan na ƙasar Sifen, wajen shekarar 1990, wani mai gidan abinci da ake kira La Viña, Santiago Rivera, ya fara gasa nasa ba tare da ɓawo ba, samansa a ƙone, gefensa a yamutse. Daga baya hotunansa suka bazu ta intanet, manyan kukun duniya suka shiga kwaikwayonsa. Saboda haka in naki ya tsage ko ya yi ja a sama, kada ki ɓoye shi, akwai inda ake layi a sayi irinsa.

ME MUKE DA SHI A GIDA?

Mu ma ba baƙin cuku ba ne. A Jamhuriyar Nijar, makiyayan yankin Tawa da Agadas suna yin cuku fale-fale su shanya, ya daɗe bai lalace ba, a ci da shayi ko a daka a fura. A yankin Ilori da arewacin Benin da Gana kuma, matan Fulani suna daskarar da madara da ruwan ganyen tumfafiya, su sami wara, wadda a Gana da Benin ake kira wagashi. Kada a rikita ta da awarar waken suya. Busasshen cuku bai dace da wannan aiki ba, amma ɗanyar wara da ba a soya ba, ba a sa mata gishiri ba, in aka daka ta ta yi laushi, ta yi kama da cukun Kato.

Wanda ya fi sauƙin samu a ƙasar Hausa shi ne kindirmo. In kika zuba shi a tsabtataccen farin ƙyalle, kika rataye ruwan ya tsiyaye, abin da ya rage yakan yi kauri kamar cukun kirim, amma maiƙonsa wajen kashi 10 ne cikin 100, watau kusan sulusin na kanti. Kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na kanti ba, balle da damina lokacin da nono ke yawa a kasuwa.

Abu guda da ba a wasa da shi: a tabbata an tafasa madarar kafin a yi kindirmon, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da tarin fuka na shanu da cutar nan da ke sa dabbobi ɓari, wadda kan jawo wa mutum zazzaɓi mai dawowa. In kin sami madara, ki tafasa da kanki, ki bar ta ta huce ta yi ɗumi, ki zuba ɗan kindirmo mai kyau, ki rufe ya kwana.

YADDA ZA KI YI

Ga awo da gwangwanin madarar ruwa, wanda kowane gida ke da shi. Ki nemi kindirmo lita ɗaya da rabi wanda ba a sirka da ruwa ba, wanda kuma bai yi tsami ƙwarai ba. Ki tace shi a ƙyalle awa 5 ko 6 a wuri mafi sanyi, a firij in akwai, in babu da dare kusa da randa. Ki auni gwangwani 3 na mai kaurin, wajen rabin kilo ke nan. Sai sukari rabin gwangwani, wajen giram 70, da ƙwan kaza 3, in ƙanana ne na gida ko na zabi ki sa 4, da fulawa cokalin cin abinci 2, da ɗan kankararren ɓawon lemun tsami don ƙamshi da kashe ƙarni.

Ki fara haɗa kindirmon da sukari da fulawa, ki juya har gudaji su mutu. Sa'an nan ki riƙa fasa ƙwai ɗaya-ɗaya kina juyawa a hankali. Kada ki buga da ƙarfi kamar na kek ɗin biki, domin iskar da ta shiga takan sa shi ya kumbura a wuta, in ya huce ya faɗa ya tsage. Ki shafa wa kwano ɗan mai ki zuba. Ɓawon biskit ba dole ba ne, na Kato ba shi da shi. In kina son abin taunawa a ƙasa, ki daka soyayyar gyaɗa da dabino 'yan ƙwaya, ki danna siriri a gindin kwanon, amma ki sani dabino ma zaƙi ne.

Sirrin aikin duka yana wurin wuta. Ƙwai ne ke daskarar da wannan kek, ƙwai kuwa in wuta ta yi masa yawa yakan takure ya matso ruwa waje, kamar yadda kike gani in wainar ƙwai ta daɗe a kasko. Amfanin fulawar nan ke nan, tana riƙe ruwan. Mai oben ya sa shi a digiri 160. Wadda ba ta da shi, ta zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ta bari ya yi zafi, ta ɗora kwanon, ta rufe, ta rage wutar ƙasa, ta sa garwashi kaɗan a kan murfi. Wannan ɗan'uwan kaskon Kato ne. Ga wadda ke tsoron ƙonawa, hanya mafi aminci ita ce turarawa kamar alala: ki rufe bakin kwanon, ki sa shi a tukunya mai ruwa zuwa rabinsa, ruwan yana ɗan motsi ba tafasa mai ƙarfi ba.

Daga minti 45 ki fara dubawa, yakan kai awa guda. Ki ɗan girgiza kwanon. In gefe ya tsaya, tsakiya kuma tana rawa kaɗan kamar kindirmo mai kyau, ya yi, zafin jikinsa zai ƙarasa shi. In tsakiyar tana gudu kamar koko, da saura. Ki sauke ki bar shi ya huce a hankali. Mai firij ta sa shi awa 4 ko ya kwana, zai yanku sumul. Wadda ba ta da firij ta bar shi ya ƙara 'yan mintoci a wuta, ta yi shi ranar da baƙin za su zo, ta kawo shi da ɗuminsa cikin kwano a ci da cokali, kamar yadda Rumawa ke ci. Kada a ajiye saura ya kwana a waje. Hukumomin abinci na Amurka sun ce kayan madara da ƙwai kada su wuce awa 2 a waje, in zafin gari ya haura digiri 32 kuwa awa ɗaya. A maimakon ruwan sukari, ki yanka nunannen mangwaro ko ayaba ki jera a sama lokacin da za a ci.

In kika raba wannan kek gida 10, sukarin da kika zuba a kowane yanki wajen giram 7 ne, bai cika cokalin shayi 2 ba, maiƙon kuma giram 6 ko 7. Ki kwatanta da giram 29 da giram 31 na Niyok, kin ga an rage kusan kashi uku cikin huɗu, ko fiye.

GAME DA DATTIJO

A nan sai mun gaya miki gaskiya, Malama. Rage sukari bai mai da kek magani ba. Kada kuma wani ya ce miki ki sa zuma don surukinki, domin a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya zuma tana cikin zaƙin da ake ƙidayawa, kuma tana ɗaga sukarin jini. Fulawa da dabino da mangwaro su ma suna da nasu. Abin da ya fi shi ne maigidanki ya tambayi likitan da ke duba mahaifinsa. In ya yarda, a ba Baba ƙaramin yanki bayan ya ci abinci, ba dabino a ƙasa, ba kayan zaƙi a sama. Kuma ki yanka wa kowa ƙanana, don kada dattijo ya ga an ware shi a gaban 'ya'yansa.

Shawararmu ta ƙarshe, kada ranar zuwan baƙi ta zama ranar gwajinki na farko. Ki yi rabin awon mako guda kafin nan, ke da maigidanki ku ɗanɗana, ki gane halin murhunki, domin kowace wuta da halinta. In ya yi tsami, ki nemi sabon kindirmo. In ya yi ruwa, ki ƙara lokacin tacewa. Da rarrafe yaro kan tashi. Ku kuma masu shanu da masu sayar da nono, ga wata hanya da za ku iya gwadawa da rarar madarar damina, musamman waɗanda ke kusa da gari inda ake samun firij.

Da fatan mun amsa tambayarki, Allah ya ba da zaman lafiya, ya ƙara wa Baba sauƙi. In kin gwada, ki rubuto mana yadda ta kaya da abin da baƙi suka ce. Sauran masu sauraro kuma, ku ci gaba da aiko da wasiƙunku, ku rubuta tambaya ɗaya a kowace takarda don aikin ya yi mana sauƙi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.